Ƙudurin Daniyel: Nasiha ga 'Ya'yanmu Masu Shirin Shiga Jami'a



A kowace shekara, da zarar an shiga zangon ƙarshe na karatu, gidajen da suke da ɗalibi a aji shida na sakandare sukan shiga wani hali dabam. Daga Nyanya da Karu zuwa Kubwa, daga Kuje da Gwagwalada zuwa Kwali da Abaji, zancen ɗaya ne: kuɗin rajista, ranar jarrabawa, sakamako, da kuma inda yaro zai sami gurbi. Uba yana lissafin albashi, uwa tana tashi da tsakar dare tana addu'a, yaro kuwa yana ɗokin ranar da zai ɗauki akwatinsa ya nufi tashar Jabi ko ta Zuba. Wannan lokaci ne na murna, amma kuma lokaci ne mai hatsari, domin a cikin 'yan watannin nan ne matashi yake yanke shawarwarin da za su bi shi har tsufansa. Saboda haka muka ga ya dace mu keɓe wannan shafi mu yi magana da ku 'ya'yanmu kai tsaye, iyayenku kuma suna saurare.

Makarantar Babila

Bari mu fara da Littafin Daniyel sura ta fari. Wajen shekara 605 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kewaye Urushalima da yaƙi, ya kuma umarci Ashfenaz, shugaban fadawansa, ya zaɓo samari lafiyayyu masu kaifin basira daga cikin Isra'ilawa. An tsara musu karatu na shekara uku, za su koyi harshen Kaldiyawa da littattafansu, za a ciyar da su daga teburin sarki, in sun gama kuma aiki yana jiransu a fada. Da harshenmu na yau sai mu ce sun sami gurbi a jami'a mafi girma ta zamaninsu, da tallafin karatu, da alkawarin aiki.

Cikinsu akwai Daniyel, Hananiya, Mishayel da Azariya. An raba su da gida, an raba su da Haikali, har sunayensu aka canja. Babu uba kusa, babu firist, babu wanda zai kai rahoto gida. Amma nassi ya nuna mana cewa Daniyel ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki da ruwan inabinsa ba. Ku lura da abu biyu. Na farko, bai ƙi karatun ba. Ya koyi harshen, ya karanta littattafan, har a ƙarshen shekara ukun sarki ya same shi da abokansa sun fi masanan ƙasar sau goma. Na biyu, ya yanke shawararsa tun kafin a ajiye masa akushi a gaba. Wanda ya jira sai ƙanshin nama ya bugi hancinsa kafin ya tambayi kansa ko zai ci, ya riga ya makara. Dukan abin da za mu faɗa a nan ya rataya a kan waɗannan biyu: ku rungumi ilimi da dukan ƙarfinku, ku kuma ƙudura tun kuna gida irin mutumin da za ku zama a can.

Ka san ƙofar da za ka bi

Allah ba Allahn hargitsi ba ne, kuma bangaskiya ba ta hana mutum sanin ƙa'ida. Yara da yawa masu ƙoƙari sun yi asarar shekara guda saboda abin da karatun minti goma zai hana.

Abu na farko shi ne jarrabawar kammala sakandare, ta WAEC ko ta NECO. Ana bukatar kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da kake so, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi ga yawancin fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Wasu fannonin, kamar likitanci a jami'o'i da dama, zama ɗaya kawai suke karɓa. Abu na biyu shi ne jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, hedkwatarta kuma tana nan kusa da mu a Bwari. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, jimlar maki 400, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Don haka yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya nemi inda zai koya tun da wuri, kada ranar jarrabawa ta zama ranarsa ta fari. Ka tabbata darussa ukun da ka zaɓa sun dace da fanninka. Mai son likitanci yana bukatar Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci yana bukatar Lissafi, Fiziks da Kimistiri. Mai son lauya kuwa ba zai tsallake Adabin Turanci ba.

Tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ka duba da kyau cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a takardar haihuwa, da shaidar ɗan ƙasa, da takardun WAEC da na JAMB. Harafi ɗaya da ya bambanta yana iya jawo zirga-zirgar watanni. Layin wayar da ka yi rajista da shi ka riƙe shi kamar ƙwai, kada ka yi amfani da na mai shagon intanet. Tun 2017 kuma hukumar ta kafa tsarin da ake kira CAPS, inda kowane gurbi na gaskiya yake bayyana, ɗalibi ya karɓa da kansa. Duk wanda ya ce zai sama maka gurbi ta bayan gida, alhali ba ya cikin wannan tsari, yana sayar maka da wahala ne, domin ranar tafiya bautar ƙasa asiri zai tonu.

Sai ku kuma san girman gasar. A 2025 kimanin ɗalibai miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar JAMB, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu kuma ba su kai maki 200 ba. A shekarar ce hukumar ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Darasin da ke ciki shi ne, maki ba shi ne ma'aunin darajar mutum ba. Ɗana, 'yata, in sakamako ya fito bai yi maka daɗi ba, ka yi kuka in ka ga dama, amma kada ka yanke ƙauna, kada kuma ka yi tunanin cutar da kanka. Ranka ya fi kowace takarda daraja a gaban Allah da a gaban iyayenka. Iyaye kuma, ku kula da harshenku a wannan rana.

Zaɓen makaranta da fanni

Ubangijinmu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda yakan fara zama ya yi lissafin abin da za ta ci, a Luka sura 14. Haka ya kamata iyali su zauna su yi lissafi kafin a cike takarda.

Mu mazauna Birnin Tarayya Allah ya kewaye mu da makarantu. Akwai Jami'ar Abuja da aka kafa a 1988, wadda gwamnatin tarayya ta amince a watan Disamba 2024 a sa mata sunan Janar Yakubu Gowon. Akwai Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta fara a 1962, da Jami'ar Jos. Akwai jami'o'in da ikilisiyoyi suka kafa, kamar Bingham a Karu, wadda ECWA ta kafa a 2005, da Veritas ta Katolika a Bwari. Ga Kwalejin Ilimi ta Zuba, ga kwalejojin fasaha na tarayya a Nasarawa da Bida, ga kuma Jami'ar Karatu Daga Gida da hedkwatarta take Jabi, wadda ta dace da mai aiki yana karatu. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne bisa ƙa'ida: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da suka yi baya a ilimin boko. Sanin wannan zai taimake ka ka zaɓi inda kake da dama ta gaske.

Game da fanni, muna roƙon iyaye da su saurari 'ya'yansu. Ba kowane yaro Allah ya halitta ya zama likita ko lauya ba. Ƙasar nan tana bukatar malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da masanan aikin gona, da magina, da masu gyaran na'urori. Bezalel, wanda Allah ya cika da Ruhunsa a Littafin Fitowa sura 31, mai aikin hannu ne. Manzo Bulus ya yi karatu a ƙarƙashin Gamaliyel, babban malamin Attaura, amma kuma ya iya ɗinkin tanti, da shi ya ciyar da kansa a Koranti. Yaron da ya shekara huɗu a gida yana jiran likitanci, da ya karɓi abin da ya samu, da yanzu ya kusa gamawa. Kuma kowane fanni ka karanta, ka haɗa da sana'ar hannu. Waɗanda suke jami'o'in gwamnati a 2022 sun zauna a gida wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda yajin aikin malamai. Wasu sun fito daga wannan zama da ɗinki ko gyaran waya ko ilimin kwamfuta a hannunsu, wasu kuwa barci kawai suka sha.

Ku yi hankali da makarantun bogi. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bayyana yadda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, a watan Janairu 2024 kuma gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Kafin ku biya kobo, ku bincika ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da makarantar da kuma fannin. Araha ba ta ado.

Batun kuɗi kuwa, a faɗa wa yaro gaskiyar abin da gida zai iya. Tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, domin ɗaliban makarantun gwamnati. Ba shi da kuɗin ruwa, kuma biya yana farawa ne shekara biyu bayan bautar ƙasa. Taimako ne, amma bashi ne, mai bi kuwa yana biyan bashinsa.

Abincin sarki na zamaninmu

Yanzu bari mu zo kan teburin da za a shimfiɗa muku. Akushi na fari ma tun kafin ku bar sakandare ake miƙo shi, wato satar jarrabawa. Abin baƙin ciki, sau da yawa iyaye ne suke biyan kuɗin kai yaro cibiyar da ake rubuta amsa a allo, ran Lahadi kuma su zo majami'a su ba da shaidar godiya. 'Yan'uwa, ba a yi wa Allah ba'a. Dokar ƙasa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri a kan wannan laifi, hukumomi kuma suna soke sakamako. Ko da ba a kama ka ba, ramin ƙarya ƙurarre ne: wanda ya shiga jami'a da kiredit ɗin da ba nasa ba, jarrabawar zangon farko za ta tona shi. Gara maki kaɗan na guminka da maki mai yawa na sata.

Akushi na biyu shi ne ƙungiyoyin asiri. Ba sa zuwa da ƙaho a ka. Suna zuwa ne da fuskar babban ɗalibi mai kirki, wanda zai taimake ka rajista, ya saya maka abinci, ya ce zai kare ka, daga baya ya gayyace ka wani biki da dare a bayan makaranta. A ranar 10 ga Yuli 1999 'yan ƙungiyar asiri suka afka wa ɗakunan kwanan Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, suka kashe ɗalibai biyar, ciki har da sakataren ƙungiyar ɗalibai. Shiga tana da sauƙi, fita kuwa takan ci rai. Kada ka bi kowa zuwa taron da ba a faɗa maka wurinsa da dalilinsa a fili ba.

Akushi na uku shi ne maye da caca. A 2018 gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda ya lalata matasa, amma har yanzu ƙwayoyi irin su tiramadol suna yawo, ana ce wa ɗalibi za su taimake shi karatun dare. Caca kuma ta bar rumfa ta shiga cikin waya, ana kiranta hasashen ƙwallo. Yara da yawa sun jefa kuɗin makaranta a ciki suna sa ran ninkawa, suka koma suna yi wa iyaye ƙarya. Kusa da ita akwai damfara ta intanet, wadda take sa ɗalibi ya ga sa'ansa da mota ya raina guminsa. Ku tuna da Gehazi, wanda ya bi Na'aman a guje saboda azurfa da riguna, ya komo da kuturta.

Akushi na huɗu shi ne fasikanci. Zaman saurayi da budurwa a ɗaki ɗaya a wajen makaranta ya zama ruwan dare, har ana ganin kamar wayewa ce. Jikinku haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda Bulus ya koya wa Korantiyawa. Yusufu yana baƙo a Masar, ba mai ganinsa, amma ya bar rigarsa ya gudu. Ke 'yata, in wani malami ko ma'aikaci ya nemi ki ba da kanki domin maki, ki sani laifin nasa ne, kuma doka tana gefenki. Kada ki je ofishinsa ke kaɗai, ki adana saƙonnin da ya turo, ki gaya wa iyayenki da shugabannin zumunta, a kai ƙara ga hukumar makaranta. Iyaye, in 'yarku ta kawo irin wannan kuka, ku gaskata ta, ku tsaya mata.

Daniyel bai tsaya shi kaɗai ba

Sa'ad da sarki ya yi barazanar hallaka masu hikima a sura ta biyu, Daniyel ya koma gida ya faɗa wa abokansa uku, suka yi addu'a tare. Garwashin da aka ware daga murhu ba ya daɗewa yake mutuwa. Saboda haka a makon farko, kafin ka san inda ake sayar da abinci mai daɗi, ka nemi inda masu bi suke taruwa. Akwai zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka fara a arewacin ƙasar nan a 1957, akwai NIFES da aka kafa a 1968, akwai kuma zumuntar ɗalibai ta ikilisiyarmu da majami'ar cikin makaranta. Ka karɓi takardar shaida daga faston ikilisiyarku ka kai wa faston garin da za ka. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abokan da ka zaɓa a watan farko, su ne za su yi maka jagora shekara huɗu.

Amma a nan ma sai da lura. Ba duk mai ɗauke da Littafi Mai Tsarki ne makiyayi ba. In ka ga ƙungiyar da take cewa ita kaɗai ce ke da gaskiya, tana raba ka da iyayenka, tana neman kuɗin makarantarka a matsayin iri, ko tana ce maka azumi zai maye gurbin karatu, ka gudu. Ka yi kamar mutanen Biriya, waɗanda suke bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake. Kada kuma hidimar zumunta ta zama hujjar faɗuwa jarrabawa. A jami'a makin kowane zango yana taruwa ne tun daga shekarar farko, kuma ramin da aka haƙa a aji ɗaya da wuya a cike shi a aji huɗu. Ɗalibi Kirista da yake zuwa aji a kan lokaci, yana yin aikinsa da hannunsa, yana wa'azi ko bai buɗe baki ba.

Za ka kuma ji tambayoyin da ba ka taɓa ji ba game da Allah, da halitta, da Littafi Mai Tsarki. Kada ka firgita. Masu bi sun yi ta fama da irin waɗannan tambayoyi shekaru dubu biyu, akwai amsoshi, akwai kuma malamai masu tsoron Allah a kowace jami'a. Ka kawo tambayarka a fili wurin wanda ya girme ka cikin bangaskiya. Shakkar da aka ɓoye ita take ruɓar da zuciya.

Zama da maƙwabta

A ɗakin kwana za a haɗa ka da Musulmi, da wanda yarensa ba ka taɓa ji ba, da wanda bai yarda da kome ba. Annabi Irmiya ya rubuta wa kamammun Babila, a sura 29, cewa su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su kuma yi masa addu'a. Daniyel kansa, sa'ad da ya ƙi abincin sarki, bai yi zagi ko tayar da hankali ba. Ya roƙi mai lura da su cikin ladabi a gwada su kwana goma da kayan lambu da ruwa. Ka girmama abokin zamanka, ka ba shi wuri ya yi ibadarsa, ka taimake shi ran da ba shi da lafiya. Ikilisiya ba ta manta da Deborah Samuel ba, ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, wadda aka kashe a watan Mayu 2022 bayan wani saƙon murya a dandalin WhatsApp na ajinsu. Babu abin da zai halatta wannan kisa. Duk da haka muna gargaɗinku, ku zama masu wayo kamar maciji, marasa ɓarna kamar kurciya. Ku guji gardamar addini a dandalin aji. Ku ba da dalilin begenku ga duk wanda ya tambaya, cikin tawali'u da bangirma, kamar yadda Manzo Bitrus ya umarta.

Kalma ga iyaye da ikilisiya

Timoti ya tsaya domin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki sun shuka masa Maganar Allah tun yana jariri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye, kafin yaro ya tafi, ku koya masa dafa abinci, da wanki, da riƙon kuɗi, maza da mata duka. Ku raka shi ku ga inda zai kwana. Ku san sunan abokinsa ɗaya ko biyu. In kun kira shi, kada tambayar ta tsaya a kan maki, ku tambayi lafiyar ransa. Ku kuma bar ƙofa a buɗe, domin yaron da ya yi tuntuɓe ya san yana da gidan komowa, kamar ɗan nan na Luka sura 15.

Muna kuma kira ga kowace majami'a ta keɓe Lahadi guda ta yi wa masu tafiya addu'a, dattawa su rubuta sunayensu da makarantunsu, zumuntar mata da ta maza su tuna da marayu da 'ya'yan gwauraye da suka sami gurbi amma ba su da kuɗin rajista. Waɗanda suka riga suka gama jami'a a cikinmu su ɗauki ɗalibi ɗaya ɗaya su riƙa bibiyarsa. Kada kuma a manta da waɗanda ba su sami gurbi bana ba. A jawo su cikin hidima, a taimake su su koyi sana'a, su sake shiri.

Ya ku 'ya'yanmu, Littafin Karin Magana ya koya mana cewa tsoron Ubangiji shi ne mafarin ilimi. Ku tafi da shi, ku komo da shi. Daniyel ya shiga Babila yana saurayi, ya ga mulkin Nebukadnezzar da na Belshazzar sun wuce, ya kai har zamanin Sairus, yana nan yana durƙusawa sau uku a rana. Ku yi ƙudurinku yau, tun akwati bai cika ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, mun danƙa 'ya'yanmu a hannunka. Ka ba su fahimi a ɗakin jarrabawa, ka buɗe musu ƙofar da ta dace da nufinka, ka tsare fitarsu da shigarsu, ka ba su abokan kirki, ka kuma ba iyayensu abin biyan bukata. Ka komo mana da su da ilimi a kai da Almasihu a zuciya. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.